Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin bututun gas kan mitar da ƙarin gini ya rufe

Zuwa ga Shugaban Sashen Ƙorafe-ƙorafe,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Mu magina ne da masu haɗa gas a gidaje, Hausawa mazauna Ingila. Mun rubuto ne kan wani gida da ke shan gas ta bututunku. Mun fitar da wasiƙar fili saboda irinsa na da yawa a unguwannin da mutanenmu ke saye da haya. Adireshin yana cikin takardar da muka haɗo muku daban.

Gidan na ƙarshen layi ne. Wanda ya riƙe shi a da ya ƙara ɗakin gilashi a gefe, daidai bangon da mitar gas take, bai kuma sa an matsar da ita ba. Yau in ka shiga ɗakin za ka tarar da farin akwatin mitar a tsohon bango, an shafe shi da fenti kalar ɗakin, an jingina masa katakon ajiye takalma. Makullinsa mai kusurwa uku sai da aka nemo a maƙwabta. A ƙarƙashinsa rigar bututu ta ɓullo ta tsakiyar tayil, an like gefenta da siminti, a cikinta kuwa bututun roba ne ruwan ɗorawa. Firji da injin wanki suna taku biyu daga wurin.

Ba mu ce zaman mita a cikin gida haramun ne ba. Tsofaffin gidaje da yawa mitarsu na ƙarƙashin matakala, amma da bututun ƙarfe aka shigo da gas ɗin, aka kuma tsara wurin don haka tun farko. Wannan akwatin na waje ne. An bar masa kafofi a ƙofa domin in wani haɗi ya yi yoyo iska ta kwashe. Haɗin kuma ba ɗaya ba ne: akwai bakin bawul ɗin gaggawa, da lanƙwasasshen bututun da ke bin sa, da regileta, da wuyan mitar guda biyu masu zoben roba, da ɗan nonon da ake ɗaura ma'auni. Kowanne na iya saki in ya tsufa. Da can yoyon tsakar gida yake fita. Yanzu cikin ɗaki mai tagogi masu gilashi biyu yake zuba, ɗakin da ake rufewa ruf duk tsawon hunturu.

Abin da ya fi hana mu barci shi ne bututun da ke ƙarƙashin daɓe. Bututun roba ne mai faɗin milimita 20 zuwa 32, ana binne shi a zurfin kusan milimita 375 a farfajiyar gida. Ramin harsashin gini ya fi haka zurfi, don haka babu yadda magini zai yi bai tsallaka shi ba. Mai hankali ya sa masa riga, mai gaggawa ya kwara kankare a kai ya wuce. Sabon gini kuma yakan zauna a hankali, tsohon bango yana nan inda yake, bututun da aka kama a tsakani shi ke shan ja har ya tsage ko ya zare daga mahaɗinsa. In gobara ta tashi, robar nan tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 130 ba.

Duk wannan ɓangaren yana gaban bawul ne, ta wajen titi. Mai gida zai iya juya hannun bawul ya gitta bututu kamar yadda aka koya masa, gas ɗin bai tsaya ba. Mita ba za ta nuna komai ba, don yoyon bai bi ta cikinta ba. Ma'aikacin Gas Safe, wato mai rajistar izinin aikin gas, zai zo ya ɗaura ma'auninsa, ya gwada bawul na minti 1 a matsin gas na miliba 7 zuwa 10, ya bar matsi ya daidaita minti 1, ya duba minti 2 a miliba 20 zuwa 21, ya rubuta cewa lafiya lau. Gaskiya ya faɗa, amma bututun cikin gida ya gwada. Na ƙarƙashin tayil naku ne, ba shi da ikon taɓawa. Ko hanci ma ba abin dogaro ba ne a nan, domin warin da ake zuba wa gas yakan ragu in ya ratso ta ƙasa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Gas na kamawa in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin 3, tsayin 2.4, bai cika kubik mita 29 ba. Kashi 5 na wannan bai kai kubik mita ɗaya da rabi ba. Bututun kuwa an yi shi ne ya ciyar da mitar da ke ɗaukar kubik mita 6 a awa. In ya tsinke gaba ɗaya, maganar kwata ɗin awa ake yi, kuma kusa da silin zai riga haka cika. Tartsatsin makunnin fitila ko tashin injin firji ya isa. Wannan gas ɗin sama yake yi, saɓanin na tukunya da muka saba da shi a Kano ko Maraɗi mai kwanciya a ƙasa, shi ya sa muke yawan ganin 'yan uwa sun manna na'urar gargaɗi kusa da daɓe inda ba ta da amfani.

Ba sabon abu muke gaya muku ba. A Larkhall ta Scotland, cikin Disambar 1999, gas daga babban bututun da tsatsa ta ci ya bi ta ƙasa ya taru ƙarƙashin wani gida, iyali mutum huɗu suka rasu, kotu ta ci kamfanin bututun tarar fam miliyan 15 a 2005. Bututun ƙarfe ne a can, na roba ne a nan, amma hanyar da gas ke bi ɗaya ce.

Laifin farko ba naku ba ne, mun yarda. Sashe na 8 na dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998 ya hana a yi wa gida gyaran da zai taɓa lafiyar kayan gas da ke cikinsa, kuma wanda ya yi ginin ya take shi. Ɗakin gilashin da bai kai murabba'in mita 30 ba galibi ba ya buƙatar mai duba gini na ƙaramar hukuma, don haka babu wanda ya leƙa ramin kafin a rufe. Ƙorafinmu kan abin da ya biyo baya ne. Mutanen gidan sun kira kamfanin da ke sayar musu da gas, kamfanin ya ce mita ce tasa, bututu naku ne. Suka kira ku, aka ce su cike fom na matsar da bututu su jira kiyasin kuɗi, tamkar masu son sauya wa mita wuri don ƙawa. Takardar da ta zo daga baya ta ce ana iya yanke musu gas. Ba ranar zuwa dubawa, ba sunan wanda ke riƙe da maganar, ba bayanin ko layin mai ƙaramin matsi ne, wato har miliba 75, ko mai matsakaici da ke kaiwa miliba 2,000. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Mitar matsakaicin matsi ba a ajiye ta cikin gida sam, regiletarta ma tana da kafar huce gas da dole ta fita waje. Taswirar layin tana hannunku, minti nawa zai ɗauka a duba?

Barazanar yankewa ba tare da ranar gyara ba tana da illar da ƙila ba ku lura da ita ba. Maƙwabci mai irin wannan matsala in ya ji, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ƙara wa akwatin fenti.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. Ku turo ma'aikaci da na'urar shinshinar gas ya bi gefen tayil, da cikin akwati, da ramin da ke tsakanin tagwayen bango, ya gano ta inda bututun ya bi, ya ba mutanen gidan sakamakon a rubuce. Sannan a yi aikin yadda aka saba: a tono bututun a wajen sabon ginin, a yanke, a toshe guntun da ya rage a ƙarƙashin daɓe bayan an fitar da gas ɗin cikinsa, a kafa sabon akwati da sabon bawul a bangon da yanzu yake waje. Daga nan aikin ya dawo hannun ma'aikacin Gas Safe, shi zai ja bututun jan ƙarfe daga mita zuwa cikin gida. A nan ma a kula. Tunda mitar ta yi nisa, milimita 22 ba lallai ya isa ba, wani lokaci sai 28, domin matsin da ke ɓacewa tsakanin mita da tukunyar ɗumama gida bai kamata ya wuce miliba 1 ba. Inda bututun ya ratsa bango a sa masa riga a like, a mayar da wayar ƙasa ta lantarki a sabon wurin shigarsa. Ku tsayar da rana ɗaya da mai sayar da gas da mai haɗawa, kada a bar gida mai yara kwana uku ba ruwan zafi don kowa na jiran kowa.

Kuɗin kuma ku fasa shi dalla-dalla: nawa ne tono, nawa ne bututu, nawa ne mayar da daɓen waje. Ku faɗa musu ko za su iya tona ramin farfajiyarsu da kansu a rage musu, ku kuma duba ko akwai wanda ya cancanci shiga rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman a gidan.

Kafin ku zo, mun sa an janye katakon takalman, an rataye makullin akwatin a gefensa, an bar kafar iska ta saman taga a buɗe, an ɗaura na'urar gargaɗi kusa da silin. Mun gaya musu in sun ji wari kada su taɓa makunni, su buɗe ƙofofi, su fita, su kira 0800 111 999 daga waje. Ku ɗauki wannan wasiƙa a matsayin ƙorafi na hukuma daga ranar da ta iso ku. In mako 8 ya cika ba a warware ba, za mu kai wa Ombudsman na makamashi, ofishin da ke sasanta ƙorafi tsakanin kamfani da mai saye, kwafi kuma zai tafi HSE, hukumar kiyaye lafiya da haɗurran aiki, tare da hotunan bututun.

Mun gode. A huta lafiya.

Naku,
Wasu magina da masu haɗa gas, Ingila