Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Kano kan bola da magudanan ruwa

Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo. Maganata a kan kwatocinmu ce.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana hana zirga-zirga da safe domin tsaftar muhalli, kuma jama'a suna fitowa. Matasan unguwa su ɗauki shebur da manjagara, su shiga kwata har gwiwa, su yaso baƙar laka da ledojin fiya-wata su tara a bakin titi. Daga nan aikin yake tsayawa. Sai tarin ya yi mako biyu motar kwasa ba ta zo ba, awaki su tone, tayoyin adaidaita su watsa, ruwan sama ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi. Ranku ya daɗe, da wane baki za mu sake cewa yaran nan su fito wata mai zuwa?

Ban wanke mu ba. Akwai matar da ke jiran hadari ya haɗu ta juye shara a lambatu, akwai mai shagon da ya kafa rumfa a kan magudana. Laifi ne babba, kuma limamai suna faɗa a kan mumbari cewa tsarki rabin imani ne. Amma magidancin da ya ƙi zubawa a kwata, ina zai kai? Unguwanni da yawa ba su da wurin tara shara ko ɗaya, filayen da ake zubawa a da an yanka su an yi shaguna.

Kun san abin da ruwa ya yi wa Kantin Kwari a daminar 2022, lokacin da atamfofi da shaddodi suka jiƙe a cikin shaguna saboda an toshe wa ruwa hanya. Da kuka hau mulki a 2023 kun sa tsaftar birnin nan a sahun gaba, mun ji daɗi, mun kuma riƙe maganar. Don Allah ku leƙa magudanar ruwa ta Jakara a watan Agusta, ku shaƙi abin da maƙwabtanta suke kwana suna shaƙa, ga sauro, ga amai da gudawa suna jiran yara.

Roƙona shi ne a tanadi motocin da za su biyo bayan masu yasa a ranar da suka yashe, kuma kowace mazaɓa ta san wurin da za ta kai shararta. Maganar cin tarar masu zubawa a kwata sai ta biyo baya.

Naku,
Wani mazaunin Fagge