Wasiƙa zuwa Kumasi a kan takardun kuɗin zamanin Turawa

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya. Mu ma nan Kano lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wata alfarma nake nema. Ka san na daɗe ina tara tsofaffin kuɗi. Na ƙarfe ba sa ba ni wahala: anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo mai huda, har sule da fataka (sule biyu), ana samunsu a Kasuwar Kurmi. Takardun ne suka yi wuya.

Turawan Ingila sun kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, ofishinta a Landan, ta soma fitar da takardu a 1916. A lokacin, kuɗi ɗaya ake kashewa a Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, shi ya sa na tuna da kai. Takardar da bafatake ya karɓa a Kano, da ita zai sayi goro a Kumasi ba tare da canji ba. Sai a 1958 ku kuka fitar da naku, mu kuma a watan Yulin 1959.

Kakanninmu ba su yarda da takarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya saba binne azurfa a tukunya, ta yaya zai amince da abin da gara ke ci, ruwa ya jiƙa, gobara ta lashe? Da ta shigo hannu sai a yi maza a canja ta da sulalla, ko da ragi ne. Saboda haka kaɗan ce ta tsira. Wadda nake da ita ta sule ashirin ce, bishiyar kwakwar manja a gaba, rubutun ajami a baya. In na riƙe ta, nakan yi tunanin manomin gyaɗar da aka biya da ita, yana jujjuya ta cikin shakka. Wallahi abin yana taɓa ni.

Wadda na fi ƙwallafa rai a kanta ita ce ta sule ɗaya ta 1918, da aka buga lokacin da azurfa ta yi ƙaranci a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Don Allah ka tambayi gidajen tsofaffin fataken goro, wataƙila akwai a ƙasan adaka ko cikin gafaka. In an samu, kada a wanke, kada a goge da dutsen guga, kada a liƙe yagewar da salatif, domin duk wannan karya darajarta yake yi. Ka ɗaga ta a haske ka duba, saboda jabu sun yi yawa, sannan ka turo mini hotonta gaba da baya kafin a yi ciniki. Kuma a faɗa wa masu ita gaskiya cewa abu ne mai daraja. Ba na son a karɓa a hannun tsohuwa da arha.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Kano