Zuwa ga ɗiyata, kan jinyar Hajiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

An ce mini masassara ta kama surukarki, har an aiki yaro kemis ya sayo mata Fansidar, maganin masassarar cizon sauro. Don Allah ki ɗauke shi daga gabanta.

Mafi yawan magani in ya gama aikinsa, hanta ko ƙoda ce ke fitar da shi. To ƙodar Hajiya ta yi rauni, abin da ya kamata ya bi fitsari sai ya kwanta cikin jini, kamar ruwan damina a kwatar da ta toshe. Fansidar ta ƙoda yake fita, kuma ko a jikin mai lafiya yana daɗewa. Kulorokwin ma wajen rabinsa ƙoda ke fitarwa, ga shi tun 2005 Nijeriya ta daina dogara da shi don ya daina kashe ƙwayar cutar.

Kwinin shi muka fi sani lokacin da nake aikin jinya. Hanta ke sarrafa mafi yawansa, duk da haka in an yi awa 48 ƙoda ba ta farfaɗo ba, ana rage kashi ɗaya cikin uku: maimakon duk awa 8, sai duk awa 12. Wanda ake wa wankin ƙoda ba a rage masa. In kwinin ya yi yawa kunne ya dinga ƙara, sukari ya faɗi, bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa na fi natsuwa da allurar atesunet da ake yi yanzu, ba a canza yawanta don ciwon ƙoda. Ko Coartem likita zai ba ta, a bar shi ya yanke.

Ku kai ta asibitin koyarwa na Danfodiyo yau, ba gobe ba, a gwada jini. Ki riƙa katinta da duk kwalayen maganin da take sha. Ki lura da fitsarinta, in ya ragu ko ya yi baƙi-baƙi ki gaya musu, don masassarar cizon sauro da kanta tana kashe ƙoda.

Diclofenac da ibuprofen kada su shiga bakinta, farasitamol ya isa. Masu zuwa dubiya da jiƙo kuwa, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye bayan ɗaki.

Ki kira ni in kun ga likita. A gaida maigidan da yara.

Mahaifiyarki,
Sakkwato