Dariyar gidan biki da mutumin da aka mayar lamba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Daga Gadarif nake rubuto maka, nan gabashin Sudan ƙasar riɗi da dawa, inda muka sauka tun watan Disamba na 2023 da yaƙi ya iso Wad Madani muka kwashi yara muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun bikin ɗan yayata da muka yi, na yi ta juya ta ni kaɗai har na ga gara in kawo ta gaban masu karatu.

Bikin dai ba wani biki bane in aka gwada da na da. A filin makarantar da aka ba mu muke zaune aka yi shi, tabarmi ne da bencinan 'yan makaranta, shayi da zalabiya, sai shinkafa tukunya biyu da aka haɗa kuɗinta da karo-karo. Bayan an ɗaura aure an shafa fatiha, da yamma sai taubashin ango, ɗan ƙanena, ya miƙe wai zai ba da shaida a kan ango. Yace jama'a ku san wanda kuka ba wa 'yarku, wannan bawan Allah ranar da muka gudo kowa ya ɗauki takardunsa da 'yan kuɗinsa, shi kuwa da muka isa tasha aka buɗe jakarsa sai ga rimot ɗin talabijin da dutsen guga na lantarki. Aka kwashe da dariya. Yace ku tsaya ban gama ba, kun ga layin ruwan nan na bakin famfo, sau huɗu yake shiga a rana, mu muna ta cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka akwai tausayin uwa, ashe amarya ce ke tsayawa a layin mata, in ya cika jarka sai ya zaga bayan aji ya juye wa maƙwabta ya dawo ya sake kama layi. Mata suka rangaɗa guɗa, amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, yayata kuwa da rabon da in ga haƙorinta tun da mijinta ya rasu a hanya, wallahi sai da ta dara har tana share hawaye da bakin mayafinta.

Washegari bayan sallar asuba wani dattijo maƙwabcinmu ya riƙe hannuna, mutumin kirki ne ƙwarai, babban ɗansa har yau ba amo ba labari. Yace Malam, kai da kake da ilimi ya za ka bari a yi ta ƙyaƙyata haka ana kashe mutane a ƙasa, ina kunya ina kara. Nace Baba kayi haƙuri, Allah ya bayyana shi cikin alheri. Ban iya ƙara komai ba don bakina ya yi nauyi a gabansa, kuma ciwon da ke ransa gaskiya ne. Amsar da na kasa ba shi ita ce nake rubutawa yanzu.

Tun ina koyarwa a Madani nake karanta littattafan mutanen da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi na Jamus, kuma ban taɓa gane su da kyau ba sai da na tsaya a layi da kati a hannu ana kiran lamba ba suna ba. Kar a fahimce ni a karkace, ban ce makarantar da muke ciki irin waɗancan wuraren bace, a'a, mu nan taimakonmu ake yi, mutanen gari sun raba loma da mu, can kuwa an gina wurin ne musamman don hallaka mutane. A Aushwiz kaɗai, cikin ƙasar Foland, an kashe kimanin mutum miliyan 1 da dubu 100, mafi yawansu Yahudawa, kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairu 1945.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Primo Levi, ɗan Italiya mai ilimin haɗa sinadarai, wanda aka kai can a watan Fabrairu na 1944. A littafinsa da ya fito a 1947, wanda sunansa ke tambayar ko wannan mutum ne, ya faɗi yadda ranar da za a loda su a jirgin ƙasa jami'in Jamus bai tambayi mutum nawa bane, cewa ya yi guda nawa, kamar ana ƙirga buhuna, aka ce masa guda 650. Da suka isa, maza 96 da mata 29 aka ware don aiki, sauran fiye da 500 kafin kwana biyu babu ko ɗaya a raye. Waɗanda aka bari kuma aka tuɓe su, aka ƙwace takalmansu, aka aske su ƙwal, aka zana musu lamba a hannun hagu, tasa 174517, kuma sai ka nuna ta za a ba ka burodi da ruwan miya. Akwai wurin da ƙishirwa ta dame shi ya miƙa hannu ta taga ya ɓallo ƙanƙara zai tsotsa, mai gadi ya fizge, ya tambaye shi don me, aka ce masa nan ba a tambayar don me. Kaga tun kafin a kai ga kashe mutum an riga an raba shi da sunansa da suturarsa da ikon ya ce me na yi. Wani abu da ya sosa min rai, waɗanda yunwa ta gama da su suna tafiya kamar gawa, ido a buɗe amma ba kowa ciki, sunan da ake kiransu da shi a yaren sansanin shi ne Musulmi. Na ajiye littafin na daɗe kafin in sake ɗauka.

To me ya riƙe shi? Shi da kansa bai yi fariya ba, ya ce sa'a ce da yawa, ilminsa ya sa aka kai shi ɗakin gwaji ya tsira daga sanyi, rashin lafiya kuma ta kwantar da shi daidai lokacin da aka kora sauran a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Amma ya ambaci mutum biyu da bana mantawa. Ɗaya wani tsohon saje ne, Steinlauf, da Levi ya gan shi yana wanke jiki da ruwan sanyi mai datti ba sabulu, Levi yace wannan ai ɓata ƙarfi ne, nan da rabin awa ka sake baƙi, mutumin ya nuna masa cewa tunda so ake a mayar da su dabbobi to dole su ƙi, ko da wankan da ba ya fitar da dauɗa ne. Ɗayan kuma Lorenzo, magini ɗan ƙasarsu wanda ba fursuna ba, wata shida cur yana kawo masa guntun burodi da ragowar miyarsa kullum bai nemi ko sisi ba, har Levi yace ta dalilinsa ne bai manta shi ma mutum bane. Da ya haihu 'ya'yansa biyu duk sunan Lorenzo ya lanƙwasa ya sa musu. Ina karanta labarin sajen nan sai kawuna ya faɗo min, jallabiya ɗaya tak ya fito da ita amma duk Alhamis sai ya wanke ta ya sa gawayi a dutsen guga ya goge saboda Juma'a, yaran suna cewa Kaka wa zai gan ka, shi ko ko kallonsu baya yi.

Maganar dariya kuwa a littafin Viktor Frankl na same ta, likitan ƙwaƙwalwa daga Ostiriya, fassarar Larabci na karanta. Littafin ya fito a 1946. Mutumin nan da ya rasa uwa da uba da ɗan'uwa da matarsa a sansanonin, shi ne yake cewa raha makami ce ta kare rai, har suka yi alkawari da wani abokinsa likitan fiɗa da suke aikin ƙarfi tare cewa kullum kowa zai ƙirƙiro labari ɗaya na ban dariya kan abin da zai faru in sun fita. A can in an zo rabon miya kowa roƙon mai ludayi yake ya kwaso daga ƙasan tukunya inda 'yan ƙwayoyin wake suka kwanta, sai fursunonin suke tsokanar juna cewa wata rana za a gayyace su liyafa a gidan mutunci su manta su ce wa uwargida ta kwaso musu daga ƙasa. Malam Edita duk wanda ya tsaya layin takiyya, wato wurin rabon abincin sadaka, a ƙasar nan da kwano a hannu ya san wannan maganar, mu ma haka yaranmu ke cewa, Hajiya daga ƙasa, kuma na sha jin matan da ke rabon suna mayar da ita abin wasa don yaron ya ɗauki kwanonsa yana murmushi ba kai a sunkuye ba.

Ga kuma abin da mutane basu cika lura da shi ba, Levi ya yi aure a 1947, Frankl shi ma ya sake aure a 1947. Shekara biyu kacal da fitowa daga wutar nan.

Na san wani zai ce kai kuma duk duniya ka rasa labarin da zaka kawo sai na Yahudawa, ga abin da ake yi a Gaza. Nima ina gani kuma zuciyata na ƙuna. Amma Allah da ya ce ya karrama 'ya'yan Adam, a suratul Isra'i aya ta 70, bai ware wata ƙabila ba, kuma wanda ya san yadda ake bi a raba ɗan Adam da mutuncinsa shi zai fi saurin gane abin in ya gan shi a ko'ina, ko waye yake yi ko waye ake yi wa. Ba ma sai mun je Turai ba. Nan maƙwabtanmu Libiya, daga 1930 Turawan Italiya sun kwashe kimanin mutum dubu 100 daga yankin Jabal Akhdar suka zuba su a sansanoni cikin hamada, Suluk da Magrun da Agila, a Suluk ɗin aka rataye Umar Mukhtar a 1931 a gaban jama'ar da aka tsare. Wani mawaƙi da ke tsare a Agila, Rajab Buhuwaish, ya tsara waƙar da yake cewa ba ciwon da ke damunsa sai zaman Agila, ba takarda ba alƙalami, mutane suka haddace ta baki da baki har ta fito ta rayu bayan an rushe sansanin. A Namibiya ma Jamusawa sun yi wa ƙabilun Herero da Nama irin haka tsakanin 1904 da 1908. Mu kanmu Hausawan Sudan mun ɗanɗani farkon wannan hanya, duk da kakanninmu sun zo ta hanyar hajji tun da daɗewa, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, da rikici ya tashi a yankin Damazin a watan Yuli na 2022 kalmar da aka fara jifanmu da ita ita ce baƙi ne, ba 'yan ƙasa bane, sannan wuta ta biyo baya.

Shi yasa nake rarrabe dariya da dariya, kuma a nan na yarda da rabin maganar Baba. Akwai wadda ake yi don a ƙasƙanta mutum, a kira shi da sunan dabba ko a yi wa ƙabilarsa duka kuɗin goro, irin wadda aka yi a Ruwanda ana kiran mutane kyankyasai kafin kisan kiyashin 1994, wannan ko a gidan biki na ji ta zan tashi in tsawatar, kuma na taɓa jin masu riƙe lasifika a wasu bukukuwa suna zamewa cikinta suna wulaƙanta dangin amarya ko mai naƙasa wai su nan barkwanci. Amma wasan taubasai da muka gada, da na jika da kaka, da na Bafulatani da Babarbare, da na Bakano da Bazazzagi, sharaɗinsa shi ne ka san mutum ciki da bai kuma shi ma yana da damar ramawa. Abin da yaron nan ya yi a filin makaranta kenan. Ya kira ango da sunansa da sunan ubansa marigayi da unguwar da aka haife shi, ya tuna wa jama'a cewa wannan da kuke gani da jarka yana da ɗaki da talabijin da rigar da yake so ya goge, yana da wautarsa irin tasa, kuma yana da zuciyar da ta ga yarinya a layin ruwa ta so. Wata da watanni a takardun agaji shi namiji ɗaya ne cikin iyali mai mutum 7, a yammacin nan kuwa ba wanda ya kalle shi a matsayin ɗan gudun hijira. Ango ma bai bari ba, ya karɓi magana yace taubashin nasa da yake ta zuba, shi ai takalmi ƙafa ɗaya ya iso da shi Gadarif.

Roƙona gare ka Malam Edita guda biyu ne. Masu ilimin fassara a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su dubi irin waɗannan littattafan su juya mana su zuwa Hausa, don matanmu da samarinmu da ba su jin Turanci ko Larabcin littafi su karanta da harshen da suke kuka da shi. Sannan jaridarku ta buɗe mana fili, mu na Sudan da 'yan'uwanmu na Borno da Zamfara da suka kwana a daji, kowa ya rubuto abin da ya gani da sunan garinsa da sunan wanda ya ba shi ruwa a hanya, kafin tsofaffinmu su tafi da shi a ciki.

Shi kuma Baba, bayan kwana uku amarya ta yi girkin farko ta aika masa da kwano, ango da kansa ya kai ya durƙusa ya gaishe shi. Ya karɓa ya sa musu albarka, sannan ya tambaye shi wai da gaske ne maganar rimot ɗin, ango yace da gaske ne Baba, yana nan a jaka. Baba yace to ka adana shi.

Wassalam, naka mai karatu daga Gadarif, Sudan.