Barka da Sallah daga Jamus

Assalamu alaikum Baba, Inna, da duk mutan gida. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu ya maimaita mana. Nan ba a ba da hutun Sallah, rabin rana na roƙa, muka yi idi a wani zaure da aka kama haya, kafin azahar na koma garaj. Ina ɗaura taya hankalina na Garwa, ina ganin Baba ya dawo daga idi an kwantar da rago a tsakar gida, Inna da su Goggo sun ɗora suya, hayaƙi ya cika Yelwa. Kuɗin da na turo da fatan sun iso kafin a sayi ragon.

To Auta, kai nake so ka saurare ni, Baba ku yi haƙuri in ɗan tsaya kan maganarsa tunda motar gidan ce kuma ku yake ɗauka a ciki. Na ga saƙonka na WhatsApp kana cewa in sako maka tayar tsere irin wadda na ɗauki hoto ranan, wallahi ba rowa ba ce, tayar nan ba ta hanyarmu ba ce. Garajin da nake aiki bai da nisa da Nürburgring, filin tsere ne da zagaye ɗaya ya kusa kilomita 21 cikin duwatsu da daji, akwai ranakun da ake buɗe wa kowa ya biya ya shiga da motarsa, to masu wannan sha'awar su ne rabin kwastomominmu. Wanda zai je aiki da motar kullum sai jefi-jefi ya shiga fili muna ba shi irin su Michelin Pilot Sport 4S ko Continental SportContact 7, suna riƙe kwalta ko ana ruwa. Wadda ka gani Pilot Sport Cup 2 ce, zanenta kaɗan ne robarta laushi, sai ta ɗau zafi take kamawa, in ta kama kuwa kamar an sa mata danƙo a kwana, amma ruwa ya kwanta a hanya sai ta riƙa yawo a kansa, kuma nan da nan take suɗewa.

Satin da ya wuce wani ya dawo mana daga fili da BMW, na sa hannu gefen tayar gaba har lokacin da ɗumi, robar ta narke ta dunƙule ƙanana-ƙanana kamar dambu. Ya shiga da iska bar 2.3 (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) bai sake dubawa ba, zafi ya hau iskar ta ƙaru har ta kusa 3, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa. Masu sanin abin duk bayan zagaye kaɗan suke tsayawa su auna tana da zafi su rage, in za su koma gida su ƙara. Wannan fa a kwalta mai santsi kamar faranti. Yanzu ka ɗauko ta ka sa a hanyar Garwa zuwa Marwa, ramin farko zai fasa gefen ko ya lanƙwasa ƙarfen ƙafar, don gefenta siriri ne ba abin da zai shanye duka.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, tayoyin gwanjon da ake kawowa gida ne. Ina ganin irin waɗanda muke cirewa a nan, doka ta ce zane kada ya gaza milimita 1.6 amma da yawa ana cire su da sauran zane saboda tsufa, robar ta bushe ta fara tsattsagewa. Ka duba gefen taya wajen da aka rubuta DOT, lamba huɗu na ƙarshe sati ne da shekara, 2319 kenan sati na 23 a 2019. Wadda ta kai shekara 10 ko zanenta ya yi kyau kamar sabuwa ka barta. In ka ga hoton dutse da alamar ƙanƙara a ciki, yawanci ta sanyi ce, an yi ta don dusar ƙanƙara, a zafin Garwa na watan Afrilu da ke wuce 40 laushi take yi ta cinye da wuri, birki ma ya ƙara tsawo. Ka tuna gangaren nan na hanyar Ngaundere da kake bi da su Inna.

Ka bi lambar da ke jikin ƙofar direba kawai. In 205/55 R16 91V ce, 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, V kuma har kilomita 240 a awa, ya fi ƙarfin buƙatarka nesa ba kusa ba. Iska kuma da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya, ka ce wa mai faci ya sa ma'auni, ba ya buga da ƙafa ya ce ta yi ba.

Gobe in an gama rabon nama ka ɗauko min hoton gefen duka huɗun har da safaya, in sun tsufa ni zan biya sababbi ƙarshen wata insha Allah, a saya can gida. Inna a ajiye min soyayyen nama, akwai mai zuwa nan daga Duwala bayan Sallah. A gaida Kawu, a gaida Yaya da yaranta, a ce wa Goggo na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya.

Naku, ɗanku na Jamus.