Wasiƙa zuwa ga aminina kan ƙibar ɗanmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙarka ta iso, na kuma ji daɗin labarin kowa. Sai dai abin da ka faɗa game da babban ɗanmu ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna in ba ka amsa a tsanake.

Ka ce ƙiba ta yi masa yawa, yana haki in ya hau bene, ya daina fita ƙwallo, kuma kullum kuna rigima saboda wuyansa ya yi baƙi, kana cewa ba ya cuɗawa. Maganar wuyan nan ce ta fi tayar mini da hankali. Ka duba wurin da kyau. In baƙin yana da kauri da laushi kamar karammiski, a bayan wuya ko a hammata, to da wuya dauɗa ce, ko an goge shi da soso har fata ta yi zafi ba zai fita ba. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. In jiki ya ƙi ji, sai a dinga samar da insulin ɗin fiye da kima, yawan nasa kuma ya bayyana a fata. Daga nan ciwon sukari nau'i na biyu yake somawa, wanda a da ake ɗauka ciwon manya ne. In ya kama matashi ya fi saurin tsananta, ga shi kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da zai yi ta cin ƙoda da ido.

Don Allah ka kai shi asibiti cikin makon nan. A auna nauyinsa da tsawonsa, a kwatanta da jadawalin masu shekarunsa, domin ma'aunin manya ba ya aiki a kan yaron da bai gama girma ba. A duba sukarin jininsa, da bugun jini, da kitsen jini, da hanta, tunda kitse kan taru a hanta shiru ba tare da wani ciwo ba. Ka gaya wa likita in yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, domin hakan ke sa yaro gyangyaɗi a aji har a ce rago ne. In kuma ya taɓa kukan ciwon ƙugu ko gwiwa, ko ka ga yana ɗingishi, kada ka raina, nauyi kan sa kan ƙashin cinya ya goce a waɗannan shekarun.

Ba gidanka kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibar ta kai matsayin cuta. A 1990 kashi 2 cikin 100 ne ke wannan matsayi, a 2022 ya kai kashi 8. Ka ga ai ba zuciyar yaran duniya ce ta mutu a lokaci ɗaya ba. Abin zaƙi ya yi arha ya cika ko'ina, waya ta ɗaure su a zaune, barci ya ragu. Ga kuma gado, wanda yake sa wani ya fi wani saurin tara kitse ko da abinci ɗaya suke ci.

Yanzu ga abin da nake so ka ji daga bakina, tunda tsakaninmu ba ɓoye-ɓoye. Ka daina yi masa gori a gaban ƙannensa, ka kuma hana su kiransa da sunan nan da ka ambata. Yaron ya san jikinsa fiye da kowa. Ina kyautata zaton abin da ya hana shi fita ƙwallo ya wuce haki, akwai dariyar da ake masa in yana gudu. Matashin da ake kunyatawa yakan koma ɗaki ya ci a ɓoye, wani ya shiga baƙin ciki mai tsanani, wani kuma ya fara ƙin cin abinci har ya cutar da kansa. Ban taɓa ganin wanda tsangwama ta rage wa nauyi ba.

Gyaran na gida ne gaba ɗaya, har da kai. In an ware masa kwano dabam ana kallonsa, zai ɗauka hukunci ne. Ku fara da lemon kwalba: gwangwani ɗaya na milimita 330 yakan ɗauki sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali takwas ko tara, kuma ba ya ƙosar da kowa. Ku daina ajiye shi a firji, a sa ruwa a gurbinsa. A rage soye-soye, a ƙara ganye da 'ya'yan itace, a ci abinci tare ba kowa da wayarsa ba. Ana so mai shekarunsa ya motsa jiki na minti 60 a kullum, amma kada ka fara masa da haka. Ku fita tafiya ku biyu da yamma, a hankali kuna ƙarawa, hirar hanya ma za ta buɗe maka bakinsa. Barci kuwa awa 8 zuwa 10 yake bukata, rashinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, saboda haka wayar ta kwana a wajen ɗaki.

Kada ka yarda da maganin rage ƙiba da ake tallatawa a intanet, kada kuma a sa shi zama da yunwa. Ƙashinsa bai gama ginuwa ba. Tunda yana ƙara tsawo, wani lokacin likita zai ce ya isa nauyin ya tsaya inda yake na ɗan lokaci. Abin yana bukatar haƙuri, amma ba ya bukatar jinkiri, domin yawancin matasan da ke da irin wannan ƙiba da ita suke girma in ba a tashi tsaye ba.

In sakamakon gwajin ya fito ka sanar da ni, musamman na sukari. Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka ce wa ɗanmu babansa yana gaishe shi, ya rubuto mini da hannunsa.

Naka har kullum,
Amininka