Wasiƙar godiya ga kamfanin Legacy Recordings kan faifan Power of Peace

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Legacy Recordings, reshen Sony Music da ke birnin New York.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba lalle ba ne wannan takarda ta iso teburinku, kuma ko ta iso sai an nemo mai fassara. Duk da haka na ga ya kamata in rubuta ta a fili, domin yaba kyauta tukuici, kuma kyautar da kuka yi mana a watan Yuli na 2017 ta daɗe tana bina bashin godiya.

Ina magana ne kan faifan Power of Peace, wanda kuka fitar wa ƙungiyar mawaƙa 'yan'uwa ta Amurka, Isley Brothers, tare da makaɗin jita Carlos Santana.

Bari in fara da yadda na san mutanen nan. Yayana, Allah Ya jiƙansa, shi ke da garmaho a gidanmu, kuma cikin faya-fayansa akwai faifan Isley Brothers mai suna 3+3 na 1973. Mu ƙanana ba a barinmu mu taɓa allurar, sai dai mu rakuɓe a bakin ƙofa. Shi ya bayyana mana ma'anar sunan: manya uku masu rera waƙa, wato O'Kelly da Rudolph da Ronald, sai ƙanana uku masu kiɗa, Ernie a jita, Marvin a babbar jita mai kauri, da surukinsu Chris Jasper a fiyano. Abin bai zama baƙo a kunnenmu ba, tunda mu ma mun saba ganin gidan da kiɗa ya zama gado, ƙane yana yi wa wa amshi. Bambancin kawai shi ne waɗannan 'yan Cincinnati ne ta jihar Ohio, kuma a coci suka fara koyon haɗa murya.

Lokacin da kuka fitar da Power of Peace, gidan ya riga ya yi ƙaranci. Ɗan'uwansu Vernon ya rasu tun 1955 yana yaro, mota ta buge shi a kan keke. O'Kelly ya rasu a 1986. Rudolph ya ajiye waƙa a 1989 ya koma aikin coci. Marvin ya rasu a 2010 bayan doguwar jinyar ciwon sukari. Saura biyu a ƙungiyar: Ronald mai shekara 76, da Ernie mai 65. Shi kansa Santana a watan ne ya cika 70.

A nan ne godiyata take. Kasuwar waƙa ba ta cika haƙuri da tsufa ba. Idan mawaƙi ya manyanta, ko dai a jingine shi, ko a ɗinka masa rigar samari a haɗa shi da kiɗan kwamfuta don a jawo yara. Ku ba ku yi ko ɗaya ba. Kun bar dattawa sun shiga sutudiyo da makaɗa na gaske, Santana yana jagorantar aikin, matarsa Cindy Blackman Santana tana kan ganga, suka zaɓi waƙoƙin da suka tashi da su suka rera a muryar shekarunsu. Waƙa 13 ce a faifan, kusan duka na magabata da abokan tafiyarsu: Higher Ground ta Stevie Wonder, Mercy Mercy Me ta Marvin Gaye, Gypsy Woman ta Curtis Mayfield, God Bless the Child wadda aka san Billie Holiday da ita.

Muryar Ronald ta ba ni mamaki. Mutumin da ya ɗaga rufin ɗaki da Shout a 1959 ba ya ƙoƙarin maimaita wannan ihun yanzu. Yana lallaɓa waƙa ne, ya ja kalma, ya sake ta a hankali, siririyar muryar nan tasa ta sama kuwa tana nan ba ta tsage ba. A Mercy Mercy Me sai ka ji kamar dattijo ne ke faɗa wa jikoki abin da ya gani da idonsa game da lalacewar ƙasa da ruwa. Sai kuma jita biyu. Wanda ya san tarihin gidan ya san shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya taɓa yi musu kiɗa a 1964, har ya zauna a gidansu Ernie yana yaro yana kallonsa. To ga wannan yaron ya yi furfura, yana musayar kiɗa da Santana, kowa da muryar jitarsa, ba mai danne wani. Nakan iya rufe ido in ce wannan Ernie ne, wannan Carlos ne, ban taɓa kuskure ba.

Ba zan ce komai ya yi mini daidai ba. Sabuwar waƙa ɗaya ce tak a ciki, I Remember, wadda Cindy ta rubuta ta kuma rera, kuma da son samu ne da an ƙara ko biyu daga alƙalamin 'yan'uwan kansu. Akwai kuma wuraren da jitocin suka yi ɗoki har suka sha kan murya. Amma wannan ƙorafin wanda ya ƙoshi ne.

Akwai wani alherin da kuka yi tun kafin wannan. A 2015 kun tattara tsofaffin faya-fayan Isley Brothers na kamfanin RCA Victor da na T-Neck, kamfanin da suka kafa da kansu suka raɗa masa sunan garin Teaneck na New Jersey, daga 1959 zuwa 1983, a akwati ɗaya mai faifai 23. Faya-fayan Yayana damina da gara sun cinye su tun tuni. Ta dalilin aikinku na adana asalin naɗin da gyara sautinsa, na sake jin That Lady fes, babu ƙarar allura, a wayar da ke aljihuna. Ranar sai da na kira matarsa na kunna mata, muka yi shiru mu biyu har waƙar ta ƙare.

Rudolph ma ya rasu a watan Oktoba na 2023, don haka cikin 'yan'uwa shida Ronald da Ernie ne kawai suka rage. Ina roƙonku, idan akwai sauran abin da aka naɗa a zaman Power of Peace da bai shiga faifan ba, ku fito mana da shi tun suna raye.

Ku miƙa gaisuwata ga injiniyoyin sauti da masu kula da ma'ajiyar tsofaffin kaset, waɗanda ba a ganin sunansu a gaban faifai.

Naku,
Wani tsohon mai sauraro daga Zariya